Zare Biyu A Hannu Ɗaya: Masu Saƙar Ulu A Garwa Da Ƙishirwar Launi

Wanda ya san Garwa ta arewacin Kamaru a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har kwalta ta yi laushi, dariya zai yi in aka ce masa akwai matan da ke neman na cefane da saƙa kayan sanyi a garin. To, ya dawo a ƙarshen Disamba. Hunturu na sauka, hazo ya lulluɓe Kogin Binuwai har ba ka hango ƙarshen gada, 'yan acaɓa su naɗe kai da wuya tun asuba, masuntan Lagdo su shiga kwalekwale haƙora na haɗuwa. Sanyin bai kai na tudun Ngaundere ko duwatsun Mokolo da Rumsiki ba, amma jikin da ya saba da wuta ba sai an kawo ƙanƙara yake jin jiki ba. Ga kuma jarirai, waɗanda a wurin kakanninsu mata babu watan da ba na sanyi ba.

A kan jariran nan sana'ar ta dogara. Shiga gidan suna a Hausare ko Fulɓere ko Yelwa, ka leƙa inda ake zube kayan barka. Tsakanin sabulai da turamen atamfa ba za ka rasa kayan saƙa ba: hula, riga, wando, safa, wani lokaci har da shawul. Ɗaga ka duba da kyau. Ko dai launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, ko kuma ratsi-ratsi, layi huɗu fari, layi huɗu shuɗi. In ka ga tauraro ko fure ko ɗan raƙumi a cikin jikin saƙar, ba wanda aka ɗinka daga baya ba, juya wuyan rigar. Da wuya ka rasa tambarin kamfani. Daga dilar gwanjo ta fito, ko daga injin wata masana'anta a ƙasar Sin.

Wannan tauraron shi ne abin da masu saƙa da yawa ke kwaɗayin iyawa. Sun iya tsinke biyu, sun iya kwarashi, wasu har da injin saƙa a ɗaki. Inda gizo ke saƙar shi ne tafiyar da zare biyu masu launi daban a layi ɗaya, wannan ya fito, wancan ya ɓuya, har zane ya bayyana. Masu Faransanci na kiranta jakkar, da sunan Joseph Marie Jacquard, mutumin birnin Liyon da ya fito da injin saƙa mai fitar da zane a 1804. Mu a Hausa ko suna tsayayye ba mu ba ta ba tukuna. Saƙar launi zan kira ta a nan.

Sirrin yana bayan saƙa

Ni ma na taɓa ɗanɗana kuɗata. Ƙanwata ta haihu ana cikin sanyi, na ce ɗan nan ba zai sa hular da kowa ke sawa ba. Na sayi ulu fari da ja, na zana 'yan taurari a takarda, na yi dare uku ina fama. Daga gaba hular ta yi kyau har ina jin kaina. Da aka zo sa wa yaro, ko lemun zaƙi ba zai shiga cikinta ba. Goggona ta karɓa, ba ta ko kalli taurarin ba, sai ta juya hular ciki ya koma waje, ta ja ta da yatsu biyu, ta ce, "'Yar nan, ai kin shaƙe zaren." Goggo ba ta taɓa riƙe tsinken saƙa ba a rayuwarta. Faifai take yi. Zan dawo kan wannan.

Ga abin da ta gani. A saƙar launi, in kina saƙa ido uku da fari, jan zaren yana biye a baya, a kwance, yana jiran lokacinsa. Da kika zo ɗaukarsa, hannu da kansa yake son ya ja shi ya ɗame, domin haka aka koya mana tun farko, cewa saƙa mai kyau ba ta sako-sako. To wannan ɗamewar ita ce ajalin aikin. Zaren da ya ratsa baya ba ya miƙewa kamar idon saƙa, sai ya zama igiya ya tattare komai. Maganin ɗan ƙarami ne: kafin ki ɗauki zaren da ke jira, baza idanun da ke kan tsinken dama su sami sarari, sannan ki ɗora shi a hankali. Faɗarsa minti ɗaya ce. Kafin hannu ya yarda kuwa, sai an yi makonni.

Akwai kishiyar wannan. In zaren baya ya yi tsawo, ya tsallake ido bakwai ko takwas ba a kama shi ba, ya zama tarko. Yatsan jariri na shiga ciki, kuma duk wadda ta taɓa ganin zare ya naɗe wa jinjiri yatsa ta san ba abin wasa ba ne. Shi ya sa gwanaye ke murɗa zaren biyu da juna bayan kowane ido uku zuwa biyar, kuma a kayan jarirai an fi son ƙananan zanen da launi ke sauyawa da sauri. Sannan dole kowane zare ya san gurbinsa, ɗaya kullum ta sama, ɗaya kullum ta ƙasa. Wanda ke bi ta ƙasa ya fi fitowa fili. In kina sauya musu wuri yadda kika ga dama, zanen zai fito wani wuri da ƙiba, wani wuri a rame, ƙwallayen ulun kuma su sarƙe har ki rasa bakin zaren.

Hanyar ma ba ɗaya ba ce. In babban zane ake so, kamar zuciya ko harafi a ƙirjin riga, ba a jan zare ta baya. Kowane yanki da ɗan ƙullin zarensa, kuma a kan iyaka sai an harɗe su, in ba haka ba rami ya buɗe. Akwai kuma wadda ta fi sauƙi ga mai koyo: a saƙa layi biyu da launi ɗaya ana tsallake wasu idanu ba a saƙa su ba, a dawo da ɗaya launin a yi haka, sai zane ya fito alhali ba a taɓa riƙe zare biyu lokaci guda ba. Wata Ba'amurkiya, Barbara Walker, ta fitar da littafi sukutum a kan wannan salon a 1976. Da ni ce malama, da ita zan fara wa kowace ɗaliba, don kada a karya mata gwiwa tun a makon farko.

Zaɓen launi ma da nasa tarkon. Ja da kore suna da kyau a hannun mai shago, amma in duhunsu ɗaya ne, zanen nutsewa yake yi. A jera ulun biyu a kalle su da magariba: in har ana bambance su a wannan hasken, za su yi. Kuma kafin a haɗa ja da fari, a jiƙa ɗan guntun jan a ruwan ɗumi da sabulu a gani. Mai zuba ba ya ɓoye halinsa.

Duk waɗannan ana iya rubuta su, ga shi na rubuta. Amma babu takardar da za ta juya hularki ta ce kin shaƙe zaren. Wannan sai ido, sai hannu kusa da hannu. Matsalar Garwa, da Marwa, da Gidar, ita ce masu wannan idon a harkar ulu ba su da yawa, kuma wadda ta iya sau da yawa tana ɗakinta ita kaɗai, ba ta san akwai goma a unguwar da ke neman irinta ba.

Abin da ake zaton na Turawa ne

An fi danganta saƙar tsinke da Turawa, kuma da dalili. Ta makarantun mishan da darussan kula da gida na zamanin mulkin mallaka ta shigo mana a sigarta ta yanzu. Sunayen da suka yi fice a saƙar launi ma na can ne. Fair Isle wani ɗan tsibiri ne a arewacin Sikotlan, mutanensa ba su kai ɗari ba, amma sunansa ya zagaye duniya tun da Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, ya fito sanye da rigarsu a 1921. Ƙa'idarsu launi biyu kacal a kowane layi, komai yawan launin da ke rigar. A Selbu ta ƙasar Norwe kuma, wata yarinya, Marit Emstad, ta saƙa safar hannu baƙi da fari mai tauraro a 1857, ƙauyen gaba ɗaya ya kama, har ya zama abincinsu.

Sai dai mafi tsufan saƙar tsinke da masu bincike suka samu ba a Turai take ba. A Masar aka tono ta: safunan ƙafa na tsakanin ƙarni na 11 da na 14, zamanin daulolin Musulunci, da zaren auduga, fari da shuɗi, cike da zane, wasu har da abin da ya yi kama da rubutun Kufi. A Sifaniya ma, cikin kabarin wani ɗan sarki, Fernando de la Cerda, da ya mutu a 1275, an sami matashin kai saƙaƙƙe mai launi, an zagaye shi da kalmar baraka da haruffan Larabci.

Auduga, da fari, da shuɗin baba. Duk wanda ya san arewacin Kamaru ya san waɗannan ukun 'yan gida ne.

Garin auduga, zaren roba

Tun kafin Jamusawa su ci Garwa a 1901, matan yankin na gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, masaƙa su fitar da ƙyallaye sirara waɗanda Fulani ke kira leppi. Noman auduga na sayarwa ya kankama a shekarun 1950 a hannun wani kamfanin Faransa, CFDT, sannan a 1974 aka kafa SODECOTON, mai hedkwata a nan Garwa. Yau tana hulɗa da manoma fiye da 150,000, kuma a shekara mai albarka abin da ake tarawa na haura tan 300,000. Ƙungiyar ƙwallon garin ma Coton Sport ce, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly. Akwai kuma CICAM, da aka kafa a 1965, mai masana'antar kaɗi da saƙa a Garwa, wadda matan Kamaru suka fi sani da atamfar ranar 8 ga Maris.

Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na audugar nan a dunƙule take barin ƙasar, ta bi hanyar kudu zuwa tashar jiragen ruwa, mafi yawa zuwa Asiya. Ita kuwa mai saƙa, in ta je babbar kasuwa, abin da za ta tarar shi ne ulun roba, wanda daga man fetur ake yinsa, ya ƙetaro teku ko ya shigo ta Mubi da Yola. Muna kiransa ulu ne kawai, bai taɓa ganin tunkiya ba. Manyan motoci na wucewa da farar auduga ta ƙofar gidanta, ita kuma tana jiran ɗan kasuwa ya dawo daga Kano.

Wannan ba zancen kishin ƙasa kaɗai ba ne, ya shafi aikin kansa. Gashin tunkiya na gaske yana da ƙaiƙayi, zare na kama zare, shi ya sa saƙar Fair Isle ke zama daram ko an yi ɗan kuskure. Ulun roba santsi gare shi, kowane kuskure sai ya fito. Ga kuma ciwon kan da kowace mai saƙa ta sani: kin kai rabin riga ulu ya ƙare, kin koma shago, shuɗin da ya zo yanzu ba irin na watan jiya ba ne. A launi ɗaya ana iya rufa asiri. A aikin da aka gina kan launi huɗu, sai dai warwara.

Auduga ma ba ta da sauƙin kai, tunda ba ta miƙewa, kuma a tsinke biyu takan gajiyar da yatsu. Amma ba ta da na biyu a kwarashi. Akwai salon da ake ɓoye zaren da ke jira a cikin idon da ake saƙawa, babu abin da ke reto a baya, aikin ya fito da kauri kamar tabarma. Da shi matan ƙabilar Wayu ta Kolombiya ke yin jakunkunan da ake rububinsu a manyan biranen duniya. Ba ma sai an je nesa ba, hulunan gargajiya masu launi da mazan Bamenda ke sawa aikin hannu ne na wannan dangin. A ganina nan ne kasuwar Garwa take. Rigar sanyi wata uku take ci, ga gwanjo na karya mata farashi. Jaka, da hular maza, da murfin kwano, da abin sa waya, ba ruwansu da hunturu.

Faifan Goggo

Na ce zan dawo kan Goggo. Dalilin da ya sa ta gane ciwon hulata shi ne shekara da shekaru tana abu ɗaya da kaba. Zauna kusa da mai yin faifai ka gani. Ta rina kaba ja da baƙi da kore, tana naɗawa tana zagayawa, tana ƙirga a ka: biyar fari, biyu ja, a zagaye na gaba jan ya matsa gaba da ɗaya, har dara ko tauraro ya tashi. Babu takarda, babu alƙalami. Ta san in ta ja da ƙarfi faifan zai kumbura ya zama kwano. Mai ɗinkin hula ma ƙirga yake yi, haka mai aska takwas a babbar riga, haka masaƙin luru da ke jefa ƙoshiya mai baƙin zare tsakanin farare. Lissafin da saƙar launi ke nema yana nan a tsakar gidajenmu. Kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Garwa ma ta daɗe da sanin cewa zane mai kyau ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ndop, shuɗin zanen nan mai farin rubutu da sarakunan Bamileke da Bamun ke ji da shi, tafiyayye ne. A arewa, a ƙauyukan da ke kewaye da Garwa, ake saƙa ƙyallayen. A kai su yamma, wajajen Banjun, a zana, mata su ɗinke zanen tam da zaren tukurwa. A sake ɗauko su zuwa marinar Garwa a tsoma a baba, sannan su koma a warware ɗinkin, farin ya bayyana. Ɗaruruwan kilomitoci, hannaye barkatai, harsuna uku ko huɗu, a kan zane ɗaya. Asalin salon ma daga Wukari ta ƙasar Jukun ya zo, ta hannun fatake. Garin da ya iya wannan haɗin gwiwar bai kamata a ce mace goma sun kasa haɗuwa a zaure ɗaya su koya wa juna riƙon zare ba.

Wani abin da ke raba su shi ne harshe. Littattafan saƙa da ke yawo a Kamaru da Faransanci suke, waɗanda ke shigowa daga Najeriya da Ingilishi, kowanne da gajerun kalmominsa da lambobin tsinkensa. Matar da ke ciniki da Fulatanci, take hira da Hausa, wadda aka cire daga makaranta a aji huɗu, ina za ta kama? Amma saƙar launi ta fi kowace saƙa sauƙin tsallake wannan katangar, domin zanenta ba karatu ba ne, gidan dara ne: kowane gida ido ɗaya, a cike shi da launinsa. Kuma Allah da ikonsa, littafin rubutun 'yan makarantar Kamaru, irin na Faransa, da gidan dararsa yake zuwa. Shafi ɗaya daga littafin lissafin ɗanki da biro ja da shuɗi sun isa. A karanta daga ƙasa zuwa sama, a fara daga dama, kamar allo. Da za a sami mai zama ta kwafe zanen faifai ashirin da na huluna ashirin a irin wannan takardar, da an sami littafin da ba a taɓa bugawa a Faris ko Landan ba, kuma da mun huta da saƙa wa jariran bakin Binuwai barewar ƙanƙara.

Wurin zama ma akwai. Ma'aikatar kula da mata da iyali tana da cibiyoyin koyar da sana'a a garuruwan ƙasar, kuma ɗinki da saƙa na cikin abin da aka saba koyarwa. Abin da na lura shi ne karatun yakan tsaya daidai inda daɗin ya fara: an iya hula, an iya safa, an karɓi takardar shaida, an watse. Mataki na biyu babu mai ɗaukar nauyinsa. Su kuma kamfanonin auduga, da za su ware ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a kaɗa shi da kaurin da kwarashi ke so, a rina, a ƙulla shi ƙanana yadda mai jarin jaka biyu za ta iya saya, da sun ga masu saye tun daga Garwa har Kusiri.

Amma ban ga dalilin jiran gwamnati ko kamfani ba. Kusan kowace mai saƙa tana cikin wani adashe. Ku ware zubi ɗaya ku sayi ulu katan guda, launi ɗaya daga rini ɗaya, ku raba. Ku nemo wadda ta iya zare biyu, ko daga wace unguwa take, ko wane yare take ji, ku biya ta kuɗin acaɓa da na goro, ta zauna da ku yammacin kowace Asabar. Ku gayyato tsohuwa mai faifai ita ma, ku shimfiɗa mata tabarma a tsakiya. Kowacce ta zo da aikin da ya ɓaci, ba wanda ya yi kyau ba, a juya bayansa kowa ta gani. Ku fara tun damina, domin wadda ta ɗauki tsinke a Nuwamba ta riga ta makara, kuma masu suna ba sa jira.